Huɗa, dangin wake da lissafin ruwa a noman alkamar tudu

Jama'a, a inda ake noman alkama ba ban ruwa, damshin da ke cikin ƙasa ranar shuka shi ne jarin manomi. Da shi za mu auna huɗa, da shi za mu auna dangin waken da ake shukawa don rufe ƙasa.

A 1984, masu binciken noma French da Schultz sun nuna a kudancin Ostireliya cewa bayan an cire kimanin milimita 110 na ruwan da rana ke shanyewa, kowace milimita ɗaya ta ruwa tana iya ba da har kilo 20 na ƙwaya a hekta. Ku riƙe wannan lissafi.

Duk lokacin da garma ta juya ƙasa, damshin ciki ya hau sama, rana da iska su shanye shi. Karan alkamar bara da ke yi wa ƙasa inuwa kuma ya shige ciki. Yawan huɗa da fari ne suka haɗu suka jawo guguwar ƙurar da ta kwashe ƙasar gonaki a tsakiyar Amurka a shekarun 1930. Idan aka bar kara a tsaye aka shuka ba huɗa, ruwa ya fi shiga, ya fi daɗewa. Sai dai ciyawa ta koma hannun feshi, kuma maimaita maganin ciyawa na glyphosate kowace shekara ya sa wasu ciyayi sun daina jin sa.

To, sai dangin wake, irin su fis da adas. Suna tara naitirojin, sinadarin da ke zama taki ga shuka, ta ƙululun da ke jikin saiwarsu, da taimakon bakteriyar Rhizobium. Ku tumɓuke guda, ku tsaga ƙululun da farce: in cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya, in fari ne ko kore, ba abin da yake tarawa. Amma wake ma ruwa yake sha. In ya zuƙe milimita 50 kuma sama ba ta mayar ba, ana iya rasa kusan tan ɗaya na alkama a hekta, kuma takin da ya bari ba zai biya wannan ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkirin kashe waken. Ganyen ya yi kyau, manomi ya ji tausayinsa, ya bar shi har ya fara 'ya'ya, a lokacin da ya fi shan ruwa. A kashe shi da zarar fure ya fara, a bar shi kwance a kan ƙasa. Kafin shuka, a soka sandar ƙarfe: inda ta ƙi shiga, nan damshi ya ƙare. In shekarar fari ce, gara a haƙura da waken, a bar kara kawai.