Fodkas: Magen da ta yi wata biyu tana amai

Maryam: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ina tare da Yaya Nasiru da Dakta, likitar dabbobi. Yaya, maganarka ce ta tara mu.

Nasiru: Magen gidanmu ce a Fagge. Wata biyu ke nan, da asuba sai mu tarar da kumfa ruwan ɗorawa a bakin tabarma, wani lokacin har da curin gashi. Hajiya ta ce haka mage take, ciyawa ta ci. Shekaranjiya na ɗauke ta, sai na ji ƙashin bayanta a tafin hannuna. Raina ya ɓaci, domin tun tana jaririya take gidan.

Dakta: Allah ya ba ta lafiya. Hajiya na da gaskiya in sau ɗaya ne. Amma aman da ya wuce mako 3 yana tafiya yana dawowa, ga rama, ciwo ne. Sau da yawa bangon tumbinta ne ya daɗe a kumbure. Me kuke ba ta?

Nasiru: Abin da muka ci. Ragowar tuwo, kan kifi, wani lokacin nono.

Dakta: To ka ji. Miyarmu ba ta rabuwa da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata wa mage ƙwayoyin jini. Nono kuma, yawancinsu in sun girma cikinsu ba ya narkar da shi. Sannan akwai wata tsutsar tumbi, Physaloptera, da mage ke kwasa in ta ci kyankyaso ko gyare.

Maryam: Kyankyaso? Tamu fa kwana take tana farautarsu a bakin kwata!

Dakta: Shi ya sa muke fara duba bayan gidanta, mu ba da maganin tsutsa, domin wannan tsutsar ba kullum take bayyana a gwaji ba. In mage ta manyanta sai mu ɗibi jini, saboda ciwon ƙoda ma da amai yake zuwa. Wata kuma zare ta haɗiye, musamman a gidan da ake ɗinki.

Nasiru: Ƙanena ya ce a jiƙa mata rabin farasitamol.

Dakta: Don Allah kada ku yi! Hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Ibuprofen kuwa gyambo yake yi wa tumbin da muke son ya warke. Ba mugunta ke sa mutane haka ba, tausayi ne, shi ya sa abin yake min ciwo.

Maryam: To kafin a kai ta fa?

Dakta: Ruwa mai tsabta, dafaffen naman kaza ba gishiri ba yaji, kaɗan-kaɗan sau 4 a rana. Kada a bar ta da yunwa wai cikin ya huta. Magen da ta yi kwanaki ba ci, kitse kan taru mata a hanta. In an ga jini a aman, ranar za a tafi.

Nasiru: Gobe in sha Allahu. A buhu zan sa ta?

Dakta: A'a, kwando mai murfi, da tsumma a ƙasa. Ka ɗauki hoton aman a wayarka, ka zo da shi.