Ƙaramin ƙarfen da ke rage wa bindigar 1911 shuri

Ku dubi bayan silaidin bindigar 1911, wato saman wannan bindigar hannu da ke zamewa baya idan an yi harbi. Wannan falalen ƙarfen shi ne matoshin allura: yana tare allurar da ke dukan harsashi, yana riƙe ƙugiyar da ke zaro kwanso, kuma gindinsa ne ke kwantar da hama, ƙarfen da ke buga allura, idan silaidi ya yi baya.

John Browning, wanda ya ƙirƙiro bindigar, ya yi wa gindin lanƙwasa 'yar ƙarama, inci 5/64. A 1918 rundunar sojan Amurka ta faɗaɗa ta zuwa inci 7/32, don sojoji sun koka da wuyar jan silaidi. Ƙaramar lanƙwasa tana taɓa hama can ƙasa, kusa da fil ɗin da take juyawa a kai, kamar mai tura ƙofa daga wajen hinji. Sai silaidi ya sha wuya tun farkon tafiyarsa, saurinsa ya ragu, ya daki firam, wato gangar jikin bindigar, a hankali. Ƙarfin harsashi yana nan yadda yake, amma bakin bindiga ba ya zabura sama sosai.

Don dawo da ƙaramar lanƙwasar, sai an sauya matoshin. Ku cire magazin, ku tabbatar babu harsashi, ku sa tabarau, don sifirin kan cillo allura idan an zare matoshin. Ku sayi matoshi mai ɗan ƙiba mai miƙaƙƙen gindi, irin na kamfanin EGW, wanda ya dace da bindigarku. Na bindiga samfurin Series 70 daban, na samfurin Series 80 daban. A rage gefunansa da magagari kaɗan-kaɗan, ana gwadawa, har ya shiga da ɗan matsi. Idan yana lilo, ƙugiya za ta riƙa murɗawa, kwanso ya tarwatse ko'ina. Allura kuma ta wuce ta raminta ba tare da gogawa ba.

Sannan a zagaye kusurwar ƙasa ta baya, kamar inci 1/16, daidai wa daida daga wannan gefe zuwa wancan. In ta karkace, hama za ta ci ta gefe guda. Kada a bar ta da kaifi.

Matsala takan ɓullo da harsashi mara ƙarfi: silaidi ba ya kai ƙarshe, kwanso ya maƙale a tagar fitarsa, ko silaidi ya ƙi tsayawa a buɗe bayan harbin ƙarshe. A sauke sifirin silaidi daga laba 16 zuwa 14, a bar na hama a 23. Jan silaidi da hannu zai yi tauri, don haka a fara ɗana hama.