Makin bashi: ina matsayin wanda bai taɓa ci ba?

[Titin Nima da safe, rumfunan MoMo, wato kuɗin waya]

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da Dokta Mahamudu Bawumia ya ƙaddamar da MyCreditScore, tsarin ba mutum maki kan yadda yake biyan bashi, a Accra a Nuwamban 2024, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, zancen makin bashi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a Zango.

A gurguje: dokar tattara bayanan masu cin bashi tana nan tun 2007. Bankuna suna aika wa kamfanoni irin su XDS Data labarin wanda ya ci da yadda ya biya, Babban Bankin Ghana yana sa ido. Yanzu an ɗaura komai a kan lambar Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, a fitar wa mutum da makinsa.

[Shagon atamfa, Hajiya tana ƙirga kuɗi]

To, ga inda ake tuntuɓe. Hajiya ta ce: "Ni ban taɓa cin bashin banki ba, ai nawa makin ya fi na kowa." Hajiya, a yi haƙuri, ba haka lissafin yake ba. Makin ba ya auna yawan kuɗinki, ba ya auna mutuncinki a unguwa. Abin da yake tambaya shi ne: da aka ba ki, kin biya a kan lokaci? In ba a taɓa ba ki ba, babu abin da za a karanta.

Ku dubi wannan littafin. Dila a kasuwar Makola ya ba ta turmi ashirin, ta sayar, ta kai masa kuɗinsa ranar da ta yi alkawari. Shekara da shekaru haka. Ga katin mai susu, wato mai karɓar ajiyar kuɗi kullum, kowace rana da alamar biro. Duk wannan riƙon amana yana cikin littafin dila da bakin mutane. Bai shiga kwamfutar banki ba. Yaron da ya ci rancen waya na sidi ɗari biyu ya biya sai ya fi ta tarihi a wurinsu.

Wannan yana damuna ƙwarai. Da yawan mutanenmu sun guji banki ne saboda riba, sun tsare addininsu, ga shi tsarin yana kallon su kamar baƙi. A ganina ya kamata a nemo hanyar shigar da tarihin susu da bashin kasuwa cikin lissafin.

[Cikin banki, layi]

Masu ba da rance kuwa sun yi maraba, don sun gaji da wanda zai ci nan ya gudu can. Amma fa ba su saki jiki ba. Wanda shafinsa fari ne, har yanzu za a ce ya kawo jingina ko mai tsaya masa.

Ku kuma samari masu cin rancen MoMo ku jefar da layi, tun 2022 Babban Banki ya ja kunne. Layin ya tafi, bashin yana nan da sunanku.

Kafin ka je neman rance, Malam, ɗauki Ghana Card ɗinka ka nemi rahotonka a kamfanin bayanan bashi. Doka ta ba ka shi kyauta sau ɗaya a shekara. In ka ga bashin da ka biya an rubuta ba ka biya ba, kai musu rasit su gyara.