Na'urar Ji Ga Dattawa: Me Ake Biya, Me Ake Samu?

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar wa dattawa da iyalansu a Gombe.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? Wanda bai ji ba ya matso gaba, dama saboda shi muka taru. (Dariya.)

A rahotonta na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ya kai a nema musu taimako. Cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa, abin ya fi mutum ɗaya cikin huɗu. Tambayar da 'ya'yanku suka fi yi mana ita ce, nawa ake sayar da na'urar? Ni kuma nakan ce a fara da me ya samu kunnen Baba.

Nauyin kunne na tsufa yana da hali. Siraran sautuka yake fara ci, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f". Shi ya sa dattijo zai ce maka yana jin murya sarai, maganar ce ba ya ganewa, musamman ta jikoki, ko a wajen ɗaurin aure inda kowa ke magana. To ƙaramar na'urar nan mai araha da ake talla a Facebook, ko a ɗauko daga kanti a kwali, ƙara sauti kawai ta iya. Ta ɗaga muryar jika, ta ɗaga ƙarar Keke Napep da injin niƙa da janareto duk lokaci guda. Kwana kaɗan Baba zai ce kansa na sarawa, ya jefa ta aljihun tsohuwar riga. Araha ba ta ado. Kuɗin ya tafi, kuma abin da ya fi ci mini rai, daga ranar ya yanke hukunci cewa duk na'urar kunne yaudara ce.

Ta gaskiya kamar tabarau take, sai an gwada. Za a sa wa mutum abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, a auna kowane kunne, a fitar da takarda mai nuna sautin da ya ɓace, sannan a saita na'urar da kwamfuta daidai da takardar. Bayan 'yan makonni ya dawo a sake gyarawa, domin ƙwaƙwalwar da ta yi shekaru cikin shiru sai a hankali take sabawa. Kaso mai tsoka na kuɗin da kuke ganin ya yi yawa, wannan hidimar ce. Ko a Amurka, na'ura biyu ta hannun asibiti kan ci dubban daloli. Shi ya sa tun Oktoban 2022 gwamnatinsu ta yarda a sayar da wasu a kanti ba tare da takardar likita ba, amma ga masu ƙaramin rauni ko matsakaici kaɗai, kuma da sa idon hukuma. Mu nan shigo da su ake yi, kun kuwa san yadda dala ta yi da naira tun 2023.

Yanzu mu yi lissafi, don na'urar kan kai wajen shekara 5 in an kula da ita. Batirinta iri huɗu ne: lamba 10 mai ruwan ɗorawa, 312 mai ruwan ƙasa, 13 mai ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska yake aiki. Da zarar ka ɓare takardar da ke bayansa ya fara ƙarewa, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, don haka a hana yara ɓarewa. A ce batir ɗaya na yin kwana 10. Kunne biyu, batir 70 da 'yan kai ke nan a shekara, sama da 350 a shekara 5. Kafin ka biya, tambayi inda za ka riƙa samunsa a Gombe. Mai caji ta fi tsada a farko, amma gidan da ke da sola ta fi masa sauƙi, ga shi ta hutar da yatsun tsoho daga kokawa da batirin da bai kai ƙwayar wake ba.

Da yawa suna son 'yar mitsitsiyar da ke ɓuya cikin kunne, wai don kada a gani. Ta fi tsada, dattin kunne na saurin toshe ta, batirinta ba ya jimawa. Ni dai wadda ake ratayawa a bayan kunne nake zaɓar wa dattijo: ta fi ƙarfi, ta fi jure gumi da ƙurar hunturu. Iyayena mata ma hijabi ya rufe muku ita, sai dai idan ya matse tana iya yin fito, a ɗan sassauta. A cire ta kafin alwala, sau biyar a rana, ba sau huɗu ba. Kuma ba sai mai haɗuwa da wayar hannu ba, idan Baba ba zai taɓa amfani da wannan ba. Matsakaiciya da aka saita da kyau ta wadatar.

Rashin sayen ma yana da nasa farashi. Dattijon da ba ya ji zai daina zuwa majalisa, ya zauna a huɗuba bai kama komai ba, a yi shawarar gida ba da shi ba. A 2020 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa, waɗanda kuma ake iya tarewa.

A fara da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko na Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wani dattijon, datti ne kawai ya toshe masa kunne, a wanke ya koma gida ba tare da ya sayi komai ba. Wanda kuwa aka rubuta wa na'ura ya tambayi garanti, da wanda zai gyara in ta lalace. Idan kuɗin guda ɗaya ne ke hannu, a bari mai gwajin ya zaɓi kunnen da za a sa wa. Nan zan dakata a yi tambayoyi.