Yatsan da Inji Ya Cire, Wa Zai Biya?

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron ma'aikata a Kakuri, Kaduna. Mai jawabin lauya ne da ke bin shari'o'in ƙwadago.)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ke sahun gaba, 'yan uwana ma'aikata maza da mata, barkanmu da warhaka. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Ba ni zan koya wa mutumin Kakuri mene ne masana'anta ba. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, masaƙun Arewa da UNTL suka biyo baya. Yau injinan sun yi shiru, amma abin da suka bari a jikin mutane yana nan. Wanda ya daɗe a ɗakin kaɗi yana shaƙar ƙurar auduga, kun san irin tarin da yake kwana da shi. Wanda ya daɗe a ɗakin saƙa, sai ka ɗaga murya kafin ya amsa sallama. Muka ce tsufa ne. Likita kuwa zai ce maka ciwon aiki ne, kuma doka ta san da shi.

Tsarin mulki na 1999, sashe na 17, ya ce a kiyaye lafiya da walwalar duk wanda ke aiki. Sai dai wannan sashe yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye, don haka ba zan tsaya nan ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ita ce ta shiga cikin gidan aiki. Ta ce a killace sassan inji masu haɗari, iska ta riƙa shiga, a samar da ruwan sha da akwatin agajin gaggawa, a ba da kayan kare jiki inda aikin ke buƙata, a bar hanyar fita idan wuta ta tashi. Wannan ta ƙarshen kada ku raina ta. A 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata da dama suka ƙone saboda ƙofofi a kulle suke. Allah Ya jiƙansu. Tarar da ke cikin wannan doka kuwa ta tsufa, mai kamfani zai biya ta da kuɗin aljihu bai ji komai ba, masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago kuma ba su wadata ba. Shi ya sa nake so mu daɗe a kan doka ta gaba.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun biyan diyya da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da shi. Daga aljihunsa, ba daga naka ba. Idan ka ga an yanke maka da sunan wannan asusu, an saɓa doka. Kuma ba ta tsaya ga mai takardar ɗaukar aiki ba. Ɗan aikin wucin gadi yana ciki, mai koyon sana'a yana ciki, har 'yar aikin gida da ba 'yar uwar masu gidan ba. Ko da baki aka yi yarjejeniya, ta ɗauru. Ku masu yara a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu, da ku nake.

Hatsarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki ko ta komawa gida, doka ta lissafa shi. Kurmancewa saboda ƙarar inji da cututtukan da aiki ke jawowa, duk ta lissafa. Idan ma'aikaci ya rasu a bakin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake biyan iyalin duk wata.

To ina gizo ke saƙar? Ga yadda abin ke faruwa. Yaro yana tura roba cikin injin niƙa, an cire murfin kariya don aiki ya yi sauri, haƙoran inji suka kama yatsu biyu. Sai a naɗe hannun da tsumma, a ɗora shi a Keke Napep zuwa kemis. Da yamma manaja ya aiko da 'yan kuɗi a ambulan, ya ce a yi haƙuri. Dattawan gida su ce ƙaddara ce, kada a tayar da magana. Bayan wata biyu a ce masa ba ya iya aikin, ya huta a gida. Ranar da ya zo ofishina babu takardar asibiti, babu shaida, babu ko ranar da abin ya faru a rubuce.

Ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita, shi ne ya koya mana diyya, kuma shi ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Murfin injin nan hannun mutum ne ya kwance shi.

Don haka ku riƙe waɗannan wa'adi. Kana da kwana 14 ka sanar da mai gidan aiki cewa ka ji rauni, kuma ka yi shi a rubuce, ka ajiye kwafi. Shi kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Neman diyyar kanta a cikin shekara 1 ake shigar da shi. Ka je asibitin da zai ba ka rahoton likita, ka ɗauki hoton raunin da na injin a wayarka, ka rubuta sunayen waɗanda suka gani. Idan aka miƙo maka takarda a gadon asibiti wai ka sa hannu ka yafe, ka sani dokar ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi. Duk da haka kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba.

Baba, na ga kana girgiza kai, na san abin da za ka ce: wanda ya yi magana korarsa ake yi. Gaskiya ne, ana yi. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin waɗannan shari'o'i, kuma tana da reshe a nan Kaduna, ba sai an tafi Abuja ba. Sannan korar mutum ɗaya tana da sauƙi, korar sashe guda ba ta da shi. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ta ƙasa a garin nan take, kun fi ni sanin abin da haɗin kai ya taɓa samo muku. Ku kai koken murfin inji da ƙofar da ake kullewa ta hannun ƙungiya, a rubuce, tun kafin a ji wa wani.

Shugaba yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara miƙa makirufo ɓangaren mata.