Kun saita fanka a BIOS amma ta ƙi yin shiru? Ku ƙirga wayoyinta

Assalamu alaikum jama'a. Kafin in ce komai, ku ɗan saurari wannan ƙarar.

Kun ji ko? Sai ka ce an tayar da ƙaramin janareta a ƙarƙashin tebur. Kuma kwamfutar nan zaune take ba ta aikin komai, ga zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, nan a kan allo, digiri 38 kacal, amma fanka na gudu iya ƙarfinta. Kwanan nan saƙonninku kusan duk magana ɗaya suke a kan BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kwamfuta ba ta gama tashi ba: "Na shiga BIOS, na ja layin gudun fanka ƙasa, na adana, amma ko gezau." Wani bawan Allah har ya ce gobe zai shiga kasuwa ya sayo sabuwa. Ɗan'uwa, dakata da kuɗinka tukuna, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau.

Ku kashe kwamfuta, ku zare wuta, ku buɗe murfin gefe. Ga fankar da ke zaune kan firosesa. Ku bi wayarta da yatsa har inda ta shiga jikin modabod, wato babban faifan da komai ke haɗe a kansa, wurin da aka rubuta CPU_FAN. To, ku ƙirga wayoyin. Uku ne ko huɗu?

Tawa uku ce, ga su. Baƙar ita ce giraun, wato hanyar da wuta ke komawa, jar tana kawo wuta volt 12, rawayar kuma rahoto kawai take kai wa modabod cewa ga yawan juyin da nake yi a minti ɗaya. Launin yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, adadin shi ne abin lura.

Ga kuma mai waya huɗu a hannuna na dama. Wannan wayar ta huɗu kunnen fanka ce. Wuta na shiga mata volt 12 cif a kowane lokaci, sai modabod ya riƙa aika mata sigina ta wannan waya, yana kunnawa yana kashewa wajen sau 25,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan rabin lokacin a kunne yake, fanka ta gane ana son ta sassauta zuwa wajen rabin gudunta. Wannan shi ake kira PWM.

Mai waya uku ba ta da wannan kunnen. Hanya ɗaya ce ta rage mata gudu: a rage wutar da ke shiga mata, daidai yadda regileta na bango ke yi wa fankar sama a ɗakinku. Wannan kuma shi ne DC.

Yanzu ku matso ku ga inda ake samun matsalar. Soket ɗin modabod haƙora huɗu gare shi, kuma filogin mai waya uku yana shiga tsaf, ba tare da an tilasta ba, haka aka ƙera shi. Amma ku duba gefen nan. Haƙori ɗaya ya rage a waje, babu abin da ya taɓa. Idan soket ɗin yana kan PWM, duk umarnin da kuka zana a BIOS ta wannan haƙorin yake fita. Modabod na ta cewa rage gudu, rage gudu, babu mai ji. Ita kuwa fanka volt 12 take sha ba ragi, don haka take ta zuba gudu. Ko sau goma kuka ja layin nan ƙasa, zanen zai yi kyau a allo, ƙarar tana nan yadda take.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ku kunna kwamfuta kuna danna Delete, wasu kuma F2, don ku shiga BIOS. A modabod ɗin kamfanin ASUS ku nemi Q-Fan Control, a MSI Hardware Monitor, a Gigabyte Smart Fan. Ku zaɓi CPU_FAN, ga wurin nan, ku mayar da shi DC. Gigabyte su Voltage suke rubutawa, abu ɗaya ne. Akwai Auto ma, wanda ya kamata ya gane irin fankar da kansa, amma ni na fi son in zaɓa da hannuna, domin na sha ganin ya yi kuskure. Mai waya huɗu kuma ku bar ta a PWM, a nan ta fi iya sauka ƙasa sosai. Ku danna F10 ku adana.

Ku saurara kuma.

Alhamdu lillahi. Ƙarar ta lafa, kuma fanka ɗaya ce, saiti kawai muka canza.

Sai dai ku kiyaye abu guda a DC. Idan wutar ta yi ƙasa da yawa, fanka na iya tsayawa cak, ko ta kasa tashi lokacin kunnawa. Kada ku rufe murfi sai kun gan ta tana juyi da idonku. Idan kuma kuka ga CPU Fan Error a allo, ku ɗan ɗaga mafi ƙarancin gudun. Akwai tsofaffin modabod da soket ɗin firosesansu PWM kawai ya sani. Mai irin wannan, shi ne sayen mai waya huɗu ya zama masa dole.

Sauran da sauri. Layin gudu, wato zanen BIOS da ke haɗa gudun fanka da zafin firosesa, ga yadda nake yin nawa: kashi 30 zuwa 40 har digiri 50, kashi 60 a digiri 70, cikakken gudu daga 85. Idan fankarku na yawan tashi da sauka ko burauza kuka buɗe, musamman masu firosesan Ryzen da zafinsu ke tsalle na ɗan lokaci, ku nemi Step Up da Step Down, ku ƙara 'yan daƙiƙu don ta daina firgita. Kuma kada lamba ta tsorata ku, yawancin Ryzen 7000 an ƙera su su yi aiki har digiri 95.

Don Allah kada ku kwafi saitin wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi a Turai. Wanda ke Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, iskar da fankarsa ke ja ma mai zafi ce, dole ya bar mata ɗan gudu. Ƙurar hunturu kuwa, ku duba tsakanin ƙarafunan sanyaya da ke kan firosesa, ta zama kamar auduga. Ku riƙe fukafukan da yatsa kafin ku busa da bulowa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Masu tokumbo na ofis irin Dell OptiPlex da HP, galibi BIOS ɗinsu ba ya ba da wannan zaɓi, wasu Dell ma filoginsu mai ramuka biyar ne. Ku naku gyaran shi ne share ƙura da sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya.

Yanzu na buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudun fanka, na ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti goma. Ga zafin yana hawa, ga gudun fanka yana bin sa a hankali. Ya tsaya a 74. Sai in mayar da murfi.