Sai da 'yata ta ja ni na shiga gidan tarihin garinmu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ruwa ake tafkawa a kan kwano, ina zaune a barandar Hajiyarmu a nan Unguwar Rimi. Na ce ba zan kwanta ba sai na yi muku wannan bidiyon, don abin da na gani yau har yanzu bai sake ni ba. Wallahi farin ciki nake yi, irin wanda ke zuwa da ƙwalla.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san shekarata 12 a Landan, kuma a can aka haifi yaran nan duka uku. Bana Allah ya nufa mun zo gida dogon hutu, sati shida ake ba su daga ƙarshen Yuli. Kuɗin jirgi kada ma mu taɓo maganarsa, mutum biyar a watan Agusta, kusan shekara na yi ina karɓar aikin dare kafin ya haɗu. Muka sauka Abuja, muka hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, yaran suna manne da taga suna ƙirga shanu.

To ga asalin maganar. Bara a makarantar su Ummi, babbar 'yata, an koya musu tarihin masarautar Benin, don yana cikin darussan da makarantun firamare na Ingila ke iya zaɓa. Sai na kai su British Museum wata Asabar. Muka sauka ƙasa ɗakin kayan Afirka, ga allunan tagullar nan na Benin an jera, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897. Ummi ta duba, ta duba, sai ta ɗago ta ce da Hausarta mai ɗan karkacewa, "Mama, to mu 'yan Kaduna ba mu yi komai ba ne?" Na shiga ba ta labarin Sarauniya Amina da ganuwar Zazzau, na ba ta na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ta saurara da ladabi, amma na ga ba abin da take nema ba ke nan. Ita abu take so ta gani da idonta, ta nuna wa 'yan ajinsu. Bayan kwana biyu ta zo mini da kwamfuta a hannu ta ce, "Mama, kin san Nok? A jihar Kaduna yake." Wato wata tsohuwar al'umma ce da ta bar mutum-mutumin yumɓu a ƙasa. Tun daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba.

Da safen nan da na ce wa Hajiya gidan tarihin Kaduna za mu mu ga kayan Nok, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Gidan gumakan nan za ki kai mini jikoki?" Na ce, "Hajiya, ba bauta za mu je yi ba, kallo ne da neman sani." Ta ce Allah ya tsare, a dawo lafiya. Kawu, ƙaninta, shi ya ce zai raka mu.

Gidan yana kan Titin Ali Akilu, wajen Unguwar Sarki. Jama'a, a garin nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare. Allah kaɗai ya san sau nawa na wuce ta ƙofar gidan nan a cikin bas in za mu Kawo, ban taɓa tunanin in leƙa ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini in leƙa. Tun 1975 aka buɗe shi. Ginin kansa tarihi ne, tsohon ginin jam'iyyar NPC ne ta su Sardauna, gwamnatin jiha ta bayar aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Abin da na biya mu duka a bakin ƙofa bai kai kuɗin kofin shayi ɗaya a tashar jirgin Landan ba.

Wani bawan Allah ma'aikacin wurin ya shiga gaba yana mana bayani. Da ya ji yaran suna Turanci sai ya juya harshe, na ce, "Malam, don Allah yi musu da Hausa, inda suka kasa sa tambaya." Ya yi dariya ya ce to madalla. Muka shiga ɗakin da kayan Nok suke.

Bari in gaya muku yadda kan mutum-mutumin da muka gani a ciki yake, don a hoto ba ya fita yadda ya kamata. Da yumɓu aka gina shi aka gasa, launinsa ja-ja kamar tukunyar ƙasa, jikinsa da ɗan kaushi kamar an gauraya ƙasar da tsakuwa. Idanun manya ne masu kusurwa uku, an huda ƙwayar kowanne, an huda hanci, an huda kunne. Malamin ya ce hujin yana taimakawa zafi ya fita lokacin gashi don kada abin ya tsage, tun da cikinsa rami ne. Amma in kin tsaya gabansa, ba dabarar gashi za ki tuna ba, ji za ki yi kamar ke yake kallo. Sai gashin kan. An tsara shi tsaf, an tattara shi curi-curi, kowane layi a wurinsa. Ummi mai surutun nan da ba ta rufe baki ko a jirgi, sai ta yi tsit. Can ta ɗaga hannu ta shafa kitson da aka yi mata jiya a gidan maƙwabta, ta ce a hankali, "Mama, su ma suna zama a yi musu kitso." Nan ne na juya baya na goge idona. Ta ciro littafinta ta durƙusa a ƙasa ta fara zana shi, ta fi minti ashirin ba ta motsa ba.

Labarin yadda aka gano su ma abin ji ne. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wani ɗan kai a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar mutanen Ham, waɗanda muka saba kira Jaba, can wajen Kwoi. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai a 1943 aka sake samun wani kan a wajen Jama'a, wanda ya same shi ya kai gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi na korar tsuntsaye. Daga baya aka kai wa wani Bature masanin tone-tonen tarihi, Bernard Fagg, ya ga kamarsa da na farko, shi ya sa wa al'ummar suna Nok, kuma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Abba, ɗana na tsakiya, wannan ne ya fi burge shi. Sau uku ya sa Malamin ya maimaita maganar gonar doya.

Kuma ku ji shekarunsu. Kawunan nan sun haura shekara 2,000, wasu sun wuce 2,500. Mutanen suna narka ƙarfe, an samu matoyarsu a Taruga kusa da Abuja. Landan ɗin da nake zaune, Rumawa ne suka kafa ta wajen shekara ta 47 Miladiyya. Wato tun ba a aza tubalin farko a bakin kogin Tems ba, a ƙasarmu wani ya zauna ya cuɗa ƙasa ya fitar da fuskar mutum har da gira. Na ce wa Ummi ta rubuta wannan da manyan baƙaƙe ta kai wa malamarsu. Ba na cewa Hausawa ne suka yi, sunan da suke kiran kansu ma ya ɓace tare da su. Amma jiharmu ce, ƙasarmu ce, kuma ni ina alfahari da ita tun daga Birnin Gwari har Kafanchan.

Abin da ya sosa mini rai shi ne da Malamin ya ce da yawa daga cikinsu an haƙe su ta ɓarauniyar hanya an sayar waje, har a manyan gidajen tarihi na Faris akwai su. Na biyu kuma, duk tsawon lokacin da muka yi a ciki, daga mu sai wasu samari biyu. A Landan in hutun makaranta ne, sai kin bi layi a titi kafin ki shiga Natural History Museum, inda suka rataye ƙashin wani ƙaton kifin teku mai tsawon mita 25 a sama. Shiga kyauta ne, gaskiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biyan jirgin ƙarƙashin ƙasa in suna tare da babba. Amma ranar da na kai su, burodi da ruwan lemo kawai na saya musu a ciki na ga fam 40 ta tafi, ga shagon tsarabar da suke ajiyewa daidai ƙofar fita, yaro ba zai wuce ba sai da kuka. Ba zan ce muku ɗaya suke da namu ba, can akwai fitilu da na'urori da abin dannawa ko'ina. Sai dai a can ba wanda ya taɓa tsayawa awa guda da 'ya'yana yana amsa musu tambaya ɗaya bayan ɗaya, har yana kiran Auta "ƙanwata". A harabar gidan akwai masu sana'ar hannu, na saya wa yaran 'yan ƙananan kayan fata, Kawu ya karɓi cinikin don ya ce da jin muryata za a san daga waje nake.

Daga nan muka wuce Gidan Arewa a Titin Rabah, tsohon gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Tun 1970 aka mai da wurin cibiyar bincike da adana tarihi, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarsa. Akwai hotuna, akwai kayan marigayin, akwai tsofaffin takardu da rubuce-rubucen malamai. A nan kuma Kawu ne ya koma mai bayani. Ya tsaya gaban wani hoton Sardauna da rawaninsa ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya dafa kafaɗar Abba ya ce, "Daren 15 ga Janairun 1966 ina ɗan shekara bakwai, cikin azumi ne. Mun ji ƙarar harbi, babarmu ta tura mu ƙarƙashin gado. Da gari ya waye aka ce an kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, a nan gidan." Abba ya ce, "Kawu, ka ji tsoro?" Ya ce, "Na ji, amma kukan da na ga babanmu yana yi ya fi ba ni tsoro." Shekara nawa ina tare da Kawu, yau na fara jin wannan labarin daga bakinsa. Ban ɗauki wannan a kyamara ba, kuma ban yi nadama ba.

Yanzu ga gargaɗina ga 'yan uwana na waje masu shirin kawo yara gida. Kada ki yi kwaɗayin da na yi na cewa wuri uku za mu je a yini ɗaya. Na so mu ƙarasa lambun shaƙatawa na Gamji su ga gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, su ga kogin da ake cewa daga kadojinsa garin ya samo suna. Ina! Ƙarfe biyu Auta ta kwanta a ƙasa ta ce ba ta ƙara taku ɗaya, ga hadari ya haɗo ta gabas. Wuri biyu ya ishe ku, ki fita da sassafe, ki tabbata sun ci sun ƙoshi kafin ku bar gida. Ki riƙe ƙananan kuɗi a hannu, kada ki dogara da katin banki. Kada ki ɗaga waya ki fara ɗauka sai kin nemi izini, ni na tambaya aka gaya mini inda zan iya da inda ba zan iya ba. In kina da ƙaramin yaro ki riƙe hannunsa gam, saura ƙiris Auta ta kai hannu kan wata tukunya. Kuma don Allah ki tafi da dattijo ɗaya daga gida. Abin da Kawu ya ba yaran nan yau ba ya rubuce a jikin kowane bango.

A hanyar dawowa muka tsaya aka saya musu masa da tsire, suka ci a mota ruwa na dukan gilashi. Da muka shigo Ummi ta tafi kai tsaye ɗakin Hajiya da littafinta. Ina daga bakin ƙofa ina ji. Hajiya ta sa tabaranta, ta kai zanen kusa da fitila, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Ikon Allah. Wannan ɗaurin gashin ai na taɓa ganin irinsa a kan matan da ke kawo citta kasuwa muna yara." Ta tambayi Ummi shekara nawa aka ce ya yi, Ummi ta faɗa mata, ta sake cewa ikon Allah. Yanzu haka suna ciki, Ummi na ba ta labarin gonar doya da Hausar da ban san tana da ita ba.

Asabar in ruwa ya bari za mu je Gamji, kuma Hajiya ta ce a tashe ta da wuri, da ita za a je. Ga Auta can ta farka tana kirana, bari in je. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida mutanen gida.